Amsa ga malamin katikis da ya tambayi yadda Kontagora ta zama dayosis

Malam, barka da aiki. Ka yi tambaya a gaban jama'a cewa tun 2002 akwai bishop a Kontagora, to me ya sa ake cewa sai a 2020 ta zama dayosis, wato cikakken yankin coci mai bishop nasa na kansa? Mutane da yawa a Neja da Kebbi suna da wannan tambayar a ransu, shi ya sa muka ga ya dace amsar ma ta fito fili.

An yanko yankin Kontagora a 1995 daga dayosis ɗin Ilorin da Minna da Sakkwato. Matakin farko kenan, wanda ake kira firfekca, kuma Fada Timothy Carroll, ɗan Ayalan na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, shi ya riƙe shi yana firist. A 2002 aka ɗaga yankin ya zama bikariyet, aka naɗa shi bishop. Bayan ya sauka a 2010, sai aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna a 2012. A watan Afrilun 2020 Paparoma Francis ya mai da Kontagora cikakkiyar dayosis a lardin Kaduna.

Bambancin yana wajen wanda ake mulki da sunansa. A dokar Ikilisiya, doka ta 371, shugaban bikariyet wakili ne, yana riƙon yankin da sunan Paparoma saboda cocin wurin bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Shi ya sa a takarda ake ba shi sarautar wani tsohon gari da kujerarsa ta daɗe da rushewa. Yana naɗa firistoci, yana ba da tabbatarwa (ibadar ƙarfafa bangaskiya bayan baftisma) kamar kowane bishop, amma kujerar Kontagora ba tasa ba ce. Daga 2020 ne Bulus Dauwa Yohanna ya zama Bishop na Kontagora da ikon kansa.

Wannan ya jawo nauyi da mutane ba su cika lura da shi ba. Bikariyet tana iya tafiya da majalisar firistoci uku kawai. Dayosis kuwa dole ta kafa majalisar firistoci, a zaɓo daga cikinsu mashawarta shida zuwa goma sha biyu na shekara 5. Dole a samu majalisar kuɗi ta mutum uku aƙalla, waɗanda suka san lissafi da dokar ƙasa, da ma'aji mai wa'adin shekara 5. Idan kujera ta zama babu kowa, mashawartan nan ne za su zaɓi mai riƙon ƙwarya cikin kwana 8; in suka yi sakaci, zaɓin ya koma hannun Akbishop na Kaduna. A bikariyet tun farko ake ajiye wanda zai karɓa.

Wasu na tsammanin hannun Roma ya fita gaba ɗaya. Bai fita ba: ofishin Batikan mai kula da yaɗa bishara har yanzu shi ke duba dayosis-dayosis na Najeriya. Amma tallafin waje ba zai riƙe majami'un ƙauyukan Kambari da Dakarkari da Dukkawa ba, kuma a nan ne abubuwa suke lalacewa a ƙananan dayosis. A sayi fili a bar takardarsa da sunan firist ɗaya, in ya rasu dangi su taso da magana. A yi baftisma a ƙauye lokacin damina, a rubuta sunaye a 'yar takarda, ba a shigar a babban littafin Ikilisiya ba, sai bayan shekara ashirin mutum ya zo ɗaurin aure a rasa shaidarsa. Wannan na biyun a hannunku yake, ku malaman katikis, domin ku ne kuke wurin kullum, Fada kuwa zuwa yake yi ya koma.

Saboda haka muna roƙonka, duk wanda aka yi wa baftisma a majami'arka, ka rubuta cikakken sunansa, sunayen iyayensa da masu tsaya masa, ranar haihuwa, ranar baftisma da sunan wanda ya yi ta. Ka kai wa Fada a makon, ka tsaya har ka ga ya shigar ya sa hannu, kai ma ka ajiye kwafi a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba.