Kafin a sayi bindigar farauta mai tsada, a dubi abin da ya fi katako

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan wata magana da ta taso a zaurena nan Katsina kwanakin baya, wadda na ga alama ba mutum ɗaya ta shafa ba. Ɗan wani aminina, ɗan kasuwa da Allah ya buɗa wa, wanda kakansa maharbi ne a ƙasar Safana, ya zo gaishe ni bayan la'asar. Da muka gama gaisawa sai ya zaro waya ya nuna mini hotunan bindigogin farauta guda uku, Mauser da Sako da Blaser, ya ce, "Baba, tun da ka yi aikin gandun daji, wacce za ka ce in saya?" Na sa tabarau na duba. Katakon ɗaya daga cikinsu sai sheƙi yake yi kamar an shafe shi da man shanu, kuma na lura a kan wannan hoton yatsansa ya fi daɗewa. Amsar da na ba shi ce nake son in faɗaɗa a nan, domin masu hannu da shuni da ke sha'awar farautar gado suna ta kallon irin waɗannan hotuna a intanet, alhali waɗanda suka yi bayanin da suke karantawa sun yi shi ne don mafarautan Turai da Amurka.

Dukkan ukun da ya nuna mini bindigogi ne masu sakata, wato waɗanda maharbi ke ja da hannu kamar sakatar ƙofa, ya fitar da kwanson harsashin da ya harba, ya tura sabo, sannan ya kulle. Kakar mafi yawansu ita ce Mauser 98, wadda kamfanin Mauser na garin Obandof a Jamus ya fitar a 1898, kuma har yau ana ƙera ta. Sirrinta wani dogon ƙugiya ne a gefen sakata, wanda ke cafke gindin harsashi tun lokacin da yake fitowa daga gidansa, ba ya sakinsa har sai an harba an ja baya. Ko maharbi yana gudu, ko ya karkatar da bindigar, ko ya ja sakata rabi cikin firgita, harsashin yana riƙe. A ɗaya tsarin, irin na Remington 700 da ta fito a 1962 da kuma Tikka, sakata tura harsashi kawai take yi, ƙugiyar ba ta kama shi sai an kulle. Wannan ya fi sauƙin ƙerawa kuma ya fi sulɓi a hannu, amma wanda ya tura sakata bai kulle ba, ya ja baya ya sake turawa, zai iya cusa harsashi biyu a wuri ɗaya bindigar ta cije. Kamfanin Winchester ya taɓa gwada haƙurin mafarauta a kan wannan batu: bindigarsa Model 70 ta fito a 1936 da ƙugiya irin ta Mauser, a 1964 ya sauya zuwa tsarin turawa don rage kuɗin ƙira, kuma tun daga nan waɗanda aka ƙera kafin 1964 suka ƙara daraja a kasuwa, har daga baya kamfanin ya maido da tsohon tsarin.

Wanda zai fuskanci ɓauna a cikin duhuwa, wannan bambanci zai iya zama rai da mutuwa a gare shi. Wanda gada ko gadu zai harba daga nesa, da wuya ya ga bambancin a tsawon rayuwarsa, don haka ban ga dalilin da zai sa ya biya ƙarin kuɗi saboda shi ba.

Blaser kuwa wata hanya ta ɗauka daban. Tun daga R93 ta 1993 zuwa R8 ta 2008, sakatarta ba a murɗa ta, ja ake yi kai tsaye a tura kai tsaye, shi ya sa harbi na biyu ke zuwa da sauri, kuma ana iya kwance bututunta a ɗaura wani mai cin harsashi daban. Ƙira ce mai ban sha'awa, ba na musu. Amma na tambayi yaron nan: ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, wa zai gyara maka tsakanin Katsina da Kano? Tsarin Mauser ana kwance sakatarsa da hannu ba tare da wani kayan aiki ba, a goge a mayar. Blaser kuwa sai kayan kamfaninta, daga garin Isni a kudancin Jamus, garin da a yau ake ƙera Mauser da Sauer ma, domin masu su ɗaya ne, kuma su ne suka sayi kamfanin Rigby na Landan a 2013. Ashe gasar da ake gani a talla, wani ɓangarenta 'yan gida ɗaya ne ke yin ta. Haka Sako da Tikka, masana'anta ɗaya ke ƙera su a garin Rihimaki na Finlan, ƙarƙashin Beretta ta Italiya tun 2000, kuma Tikka ba ta kai Sako kuɗi ba ko kusa, alhali a wajen saiti tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce.

Maganar saiti ma tana bukatar a fahimce ta. Abin da kamfanoni ke alkawari shi ne harsasai uku ko biyar su faɗa cikin da'irar da ba ta wuce kusan santimita 3 ba daga nisan mita 100, kuma wannan a kan teburi ne, da zaɓaɓɓen harsashi, ba iska ba gajiya. A yau bindiga mai matsakaicin kuɗi ma tana cika wannan alkawari. Ƙarin kuɗin da ake biya yana tafiya ne a kan katako da zanen ƙarfe da aikin hannu da suna. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a bindiga ya ɗora mata madubin hange mai arha, ya sayi doki ne ya ɗaura masa linzamin kaba. Nauyi ma abin lura ne, domin bindigar da ba ta wuce kilo 3 ba tana da daɗin saɓawa a kafaɗa yini guda, amma shurinta ya fi zafi, kuma maharbin da ya fara tsoron shuri yakan runtse ido kafin ya ja kunama.

Sai batun katakon da ya ɗauki hankalin yaron. Duk wanda ke da ƙofar katako a garin nan ya san yadda take kumbura a watan Agusta har sai an sa kafaɗa, sannan hunturu ya zo ta bushe ta bar kafa. Katakon walnat da ake yi wa bindigogi masu tsada shi ma itace ne, yana shan laima yana bushewa, kuma idan ya motsa ya taɓa bututu, saitin da aka yi da damina ba shi za a tarar da rani ba. Ƙotar roba ba ta da kyan gani, amma ba ruwanta da damina. Ga kuma ƙura. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da tsohuwar Brno ƙirar Chekoslobakiya mai bin tsarin Mauser, da lasisinta tun zamanin En'e. Ina iya tuna shi zaune a kan buzu bayan sallar asuba, ya zare sakatar ya goge ta da tsumman farin yadi har ta bushe ƙarau, sannan ya ɗiga mata man keken ɗinki ɗigo ɗaya tak. Wata rana na tambaye shi dalilin wannan rowar mai, sai ya miƙo mini sakatar wani abokin farautarsa da aka kawo masa gyara, wadda aka cika wa mai aka shiga daji da ita cikin hazo. Man da ƙurar sun haɗu sun zama kamar kwaɓin ƙasa, da kyar take motsi. Bindigar da aka ƙera ƙarafanta a matse ƙwarai, irin wadda ake yabo a Turai, ita ta fi saurin jin wannan ƙura.

To amma, Edita, duk wannan kwatance yana bayan wata tambaya da masu bayani a intanet ba su san da ita ba, wato girman harsashi a idon dokar Najeriya. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, irin adaka da harba-ka-ruga, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar harbin tsuntsaye da bindigar farauta mai harba dunƙulen harsashi, irin waɗannan masu sakata, suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne na haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja da girman harsashinsu: milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303, wanda shi ne na tsohuwar bindigar Mak Fo da 'yan sandan zamanin da suke ratayawa. Abin lura shi ne, harsasan da mafarautan waje suka fi yabo, .30-06 na 1906 da .308 Winchester na 1952, duk a wannan girma na inci .30 suke, kuma .308 ɗan'uwan harsashin 7.62 ne da bindigar G3 ke ci. Biyu daga cikin hotunan da yaron ya nuna mini .308 aka rubuta a ƙarƙashinsu. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma alƙali ba zai tambayi kyan katakonta ba.

Akwai harsasan farauta da girmansu ba ya cikin wancan jeri, kamar 7x57 na Mauser, da .270 Winchester na 1925, da .243 na 1955, kuma kowannensu ya ishi duk wata dabbar da ta rage a dajin Arewa wadda doka ta yarda a harba. Shi kuwa .375 na Holland & Holland, wanda ya fito a Landan a 1912, na ɓauna ne da giwa, kuma giwayen da suka rage mana a Yankari doka ce ke tsaronsu. Sai dai ko wanda ya zaɓi harsashin da ba a haramta ba, ba a kanti zai shiga ya ɗauko ba. Shigo da bindiga daga waje yana bukatar lasisin shigowa da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, harsashi ma da izininsa, kuma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Duk wanda ya ce zai kawo maka ta bayan fage ta kan iyaka, gidan yari yake sayar maka. Ita kanta Brno ɗin mahaifinmu, da ya rasu 'yan sanda muka miƙa wa, domin lasisi ba a gadonsa.

Daga nan na tambaye shi inda zai yi farautar. Dajin Rugu da kakansa ya sani, inda ake ganin gwanki da barewa, kowa ya san halin da yake ciki a shekarun nan, kuma mutumin da aka gani a gefensa saɓe da doguwar bindiga mai madubi, jami'in tsaro da ɗan bindiga duk ba za su tsaya jin bayaninsa ba. Gandun dajin ƙasa irin Kamuku kuwa haramun ne farauta a cikinsu. Abin da ya rage shi ne fadamu da gefen gonaki, inda zomo da zabi da makwarwa suke, kuma a nan ne bindiga mai sakata ta zama haɗari, domin harsashinta idan ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita 3, alhali a ƙasar Katsina da Daura da wuya ka yi tafiyar kilomita 1 ba ka ci karo da ruga ko mai kiwo ko yara masu ɗiban itace ba. Ƙwayoyin bindigar harbin tsuntsaye kuwa mita 'yan ɗaruruwa suke yi su zube.

Da ya matsa sai na zaɓa masa, na ce in da doka ta buɗe kuma daji ya lafa, ni zan ɗauki mai tsarin Mauser ko Tikka, da ƙotar roba, mai cin 7x57 ko .270, in sa ragowar kuɗin a madubi mai kyau da akwatin ƙarfe mai makulli da yara ba za su iya buɗewa ba. A halin da ake ciki kuwa na ce ya fara zuwa sashen lasisi na hedikwatar 'yan sanda ya ji matsayin doka daga bakinsu, sannan ya je ya gaida Sarkin Bakan garinsu ya tambaye shi abin da ya rage a dawa. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce zai fara da Sarkin Baka ranar kasuwa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin gandun daji,
Ƙofar Sauri, Katsina.