Turawa ma suna da nasu bokayen

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Jiya a shagona wani yarona ya miƙo mini waya, jikinsa har ɓari yake, wai ƙungiyar asirin Turawa na koyar da neman arziki ta hanyar saduwa da mata. Abin ya hana ni barci.

Tsohon tsafi ne wannan. Paschal Randolph ya yaɗa shi a Amurka kafin mutuwarsa a 1875. Sai Aleister Crowley, Baturen Ingila, da ya buɗe gidan tsafinsa a tsibirin Sisili na Italiya a 1920. Wani almajirinsa ya mutu a can, gwamnatin Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, ta kori Crowley a 1923. Mai alkawarin buɗin nan, bashi ya karya shi a 1935, ya mutu a gidan haya a 1947.

Don Allah ku faɗaɗa wannan tarihi a shafinku, yaranmu na Garwa su karanta.

Naku,
Wani tela, Garwa, Kamaru