Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Ɗaurin Aure

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki? Mamanka ta nuna mini katin aurenku da ka turo ta WhatsApp. Ya yi kyau, sai dai idona ya tsaya a kan abin da ka sa a ƙasa, wai ka sami "helpmeet" ɗinka. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Kalmar daga Farawa 2:18 ta fito, inda Ubangiji ya yi maganar yi wa Adamu mataimaki, a Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar Sarki James da aka buga a Ingila a 1611. Amma buɗe naka ka duba, kalmomi biyu ne a wurin: "an help meet for him". A Turancin wancan zamani, "meet" na nufin abin da ya dace. Ita ce dai a Luka 15:32, inda uba yake lallashin babban ɗansa cewa ya dace a yi murna tunda ƙanensa ya dawo gida. Daga baya ne masu karatu suka manne kalmomin biyu suka zama suna guda, har aka sake juya shi ya koma "helpmate". Littafi Mai Tsarki namu na Hausa ya raba gardama, mataimakin da ya dace da shi ya ce. Katin kam bar shi haka, kuɗin bugawa ba wasa ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda samarinku ke jin kalmar. Da an ce "help", sai tunaninsu ya tafi ga yarinyar da ake ɗaukowa daga ƙauye ta yi shara da wanke-wanke. Na ji haka har a bakin masu wa'azi ranar aure, jama'a na tafi, amarya ta sunkuyar da kai. To a Ibraniyanci "ezer" aka rubuta, kuma a Tsohon Alkawari an fi amfani da ita ga Ubangiji kansa. Ita ce a Zabura 121, inda mai zabura ya ɗaga ido ga duwatsu yana tambayar inda taimakonsa zai fito. Ita ce a cikin Ebenezer da kake gani a rubuce a goshin shaguna, dutsen taimako da Sama'ila ya kafa. Wa ya isa ya ce Ubangiji yaronsa ne don ya taimake shi? Kalmar da ke biye da ita kuwa, "kenegdo", tana nufin wadda ke gabansa suna fuskantar juna, daidai da shi.

Ka tashi ka ga yadda ake yi a gidan nan. In an kawo masara daga gona, mamanka ce ke ƙirga buhuna da alli a jikin bango, ita ke cewa wannan na ci ne, wannan na kuɗin makaranta, wannan kada a taɓa sai damina ta yi nisa. In ta ce a'a, zama muke yi har mu daidaita. Da wannan ƙirga ka gama jami'a.

Yarinyar nan ta yi karatu, tana da aikinta da hankalinta. Kada ta ji labarin ka karɓi bashi ko ka sayi fili a bakin wani. Albashinta kada ka sa masa ido sai abin da kuka shirya tare. Ranar da ta ƙi shawararka kuma, saurari dalilinta kafin ka fara jawo mata ayoyi.

Ka yi ƙoƙari ka zo kafin a kai kaya, baffanninka na son ganinka. Mamanka ta ce ka taho mata da maganin ƙafarta. Ka gaishe da surukanmu.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifinka