Bayan an watse daga suna, wa ke kula da mai jego?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu yi magana a kan masu jego a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zongo. Ranar suna gida kan cika maƙil, a yanka rago, a yi ta barka. Washegari kowa ya kama gabansa, masu talla su koma kasuwar Kejetia, a bar yarinya a ɗaki ɗaya da jariri mai neman nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. A da gidan iyayenta take tafiya wanka har ta yi arba'in. Yanzu uwar na Bawku ko Tamale, kuma a nan wahalar ke farawa.

Kukan da mai jego kan yi ba dalili a kwana na uku ko na huɗu ba abin tsoro ba ne, sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta daina cin abinci, jariri na barci ita idonta biyu, tana cewa "ni ban iya komai ba", wannan ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irinsa bayan haihuwa. Yana da magani, amma "ki yi haƙuri, kowa ma ta haihu" ba ya cikin maganin. Wannan kalma rufe mata baki take yi.

Abin da muke roƙo shi ne a raba kwana tun kafin suna. Mata huɗu ko biyar na gidan haya ko na Islamiyya, kowace ta ɗauki rana har arba'in: ta kawo tuwo da miya, ta wanke tsummoki, ta riƙe jariri bayan ya ƙoshi don uwar ta samu barcin awa uku ko huɗu a jere. In kin zo, 'yar'uwa, kafin ki ɗauki yaro ki zauna ki tambaye ta: kin yi barci? Me kika ci? Yaya zuciyarki? Sai ki yi shiru ki saurara. Maigida kuma, goyon dare bai rage maka komai ba. A kuma sassauta kanwa a kunu da zafin ruwan wanka. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar masu jego.

Duba mai jego a asibiti cikin kwana biyun farko, da cikar mako, da mako shida, yana cikin shirin haihuwa kyauta na NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, tun 2008. A raka ta, a faɗa wa nas halin da take ciki, kada a tsaya ga awon jariri kawai.

Idan kuwa ta fara sambatu, tana jin muryoyi, ko ta ambaci kashe kanta ko cutar da yaron, kada a ce aljanu ne a kulle ta a ɗaki. A yi addu'a a hanyar asibiti. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma a kai ta asibitin Komfo Anokye ko mafi kusa a ranar, ko da tsakar dare ne.

Wassalam.
Daga wasu ma'aikatan lafiyar mata da yara, Kumasi