Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni alƙaluman girman gidaje

'Yata, assalamu alaikum.

Ranar taron ɗaliban zanen gine-gine kin miƙe kin tambaye ni inda za ki samu alƙaluman da ke nuna yadda girman gidaje ya canza cikin shekaru, na fulat daban, na gida mai zaman kansa daban. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa mai gamsarwa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Ki fara da Amurka, don a can ana adana irin wannan lissafi. Hukumar Ƙidayarsu tana fitar da girman sabbin gidaje duk shekara. A 1973 matsakaicin sabon gidan iyali ɗaya murabba'in ƙafa 1,525 ne, a 2015 ya kai 2,467. Sabbin fulat kuwa suna nan kusa da 1,000. Amma ki lura, wannan na gidajen da aka gama ginawa a shekarar ne kawai. In kina son gidajen da mutane ke zaune ciki, tsoho da sabo, sai binciken American Housing Survey, wanda aka fara a 1973. Na ga ɗalibai sun cakuɗa biyun, suka rubuta wai kowane Ba'amurke na cikin katafaren gida. Kada ki yi haka. Ingila ma tana da English Housing Survey, mai auna fili da murabba'in mita, gidajen jere daban, fulat daban.

A nan gida Najeriya ne aikin yake. Ƙidayar 2006 ta tambayi irin gidan da yawan ɗakunan kwana, ba ta auna faɗinsu ba. Ɗaki kuwa ba ma'auni ba ne. Na taɓa auna wani ɗaki a cikin birnin Zariya, faɗinsa bai kai mita biyu da rabi ba, domin tsawon azara ne ya yanke wa magini hukunci. Ɗakin bulo na sabuwar unguwa ya ninka shi, amma a takardar ƙidaya duk "ɗaki ɗaya" ne. To tsakar gida fa, inda ake daka da girki da shanya, yara su kwana a tabarma lokacin zafi? Ma'aunin Turawa abin da ke ƙarƙashin rufi kaɗai yake ƙirgawa. In kin bi shi ido rufe, kin zubar da rabin gidan Bahaushe, kin maida mai zaure da shigifa da faffadan tsakar gida ƙasa da mai ciki da falo a bene.

Shawarata, ki nemi izini a ofishin tsara birane na jiharku ki duba zanen gidajen da aka amince da su, kowanne da shekararsa da awonsa. Ki yi haƙuri da ƙura. Na taɓa buɗe wani fayil na tarar gara ta cinye rabinsa. Sai dai mafi yawan gidajen talakawa ba su bi ta ofis ba. Waɗannan sai kin ɗauki tef kin je wurin mai unguwa ya haɗa ki da masu gida. Ke mace ce, za ki shiga har ƙuryar ɗaki, inda ni nake tsayawa a zaure. Ki rubuta rufaffen fili a layi ɗaya, buɗaɗɗe a wani, ki tambayi tsohuwar gidan shekarar da aka ƙara kowane ɗaki.

In kin haɗa gida talatin na farko, ki kawo mini mu duba tare.

Naki,
Malaminki