Na'urar DVR ta fi kaset, amma kar mu sakankance

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili, akwai abin da ke damuna game da yadda muka watsar da bidiyon kaset muka rungumi DVR, wato na'urar da ke ɗaukar shirye-shiryen talabijin ta adana su a cikinta, ba tare da mun san bambancinsu ba.

Shi kaset na VHS, wanda kamfanin JVC ya fitar a 1976 bayan kamfanin Sony ya rigaye shi da nasa kaset ɗin mai suna Betamax a 1975, zare ne dogo da aka shafe da garin maganaɗisu, injin sai ya jawo zaren ya naɗa shi a jikin wani ɗan ganga da ke juyawa da gudu a karkace, hedin da ke jikin gangan shi ke rubuta hoton layi-layi a gicciye. Kaga duk kallo ɗaya sai zare ya gogi hedi, shi ya sa kaset ɗin da aka fi so shi ke fara yin dishi-dishi, in ka kwafa daga wani kaset kuma hoton ya ƙara lalacewa, ga jiran tariyo, ga ranar da inji zai tauna zaren kana ji kana gani. Kaset samfurin E-180 awa 3 ne kacal a gudun da aka saba, in ya cika ya cika.

DVR kuwa, da kamfanonin TiVo da ReplayTV suka fito da ita a Amurka a 1999, hoton take mayarwa lambobi, 0 da 1, ta matse shi da tsari irin MPEG-2, wato maimakon ta adana kowane hoto cikakke sai ta fi riƙe abin da ya canza tsakanin wannan da na gaba, sannan ta zuba a had disk, wato faifan ajiya irin na kwamfuta. Tunda ba zare bane da sai an bi shi daga farko, tana iya rubutu a wani wuri tana karanto wani, shi ya sa zaka tsayar da shiri ana cikin watsa shi ka je ka dawo ka ɗora, kuma ko sau dubu ka kalla hoton na nan yadda yake.

To ga inda gizo ke saƙa. Kaset a hankali yake mutuwa, yana ba ka alama, ko zaren ya tsinke sai a yanke a liƙa a ceci sauran. Disk kuwa rana ɗaya zaka ji yana ƙas-ƙas, shikenan komai ya tafi, ni ya faru da ni wallahi, har yau abin na min ciwo. Kuma dikoda da yawa suna kulle abin da ka ɗauka, ba ya buɗuwa a wata na'ura.

Sannan Funai, kamfanin ƙarshe da ke ƙera injin VHS, ya daina tun 2016. Duk mai kaset ɗin da ke ɗauke da fuska da muryar iyayensa, dan Allah ya nemi inji mai rai tun yanzu a juye masa zuwa kwamfuta, ya ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban, kuma kar ya yar da kaset ɗin.

Na gode.
Wani mai karatunku