Zuwa ga aminina a Damagaram

Salamu alaikum mutumina, ya gida ya yara, ya zafin Damagaram? Ina fata Hajiya ta samu sauƙin ƙafar nan.

Na ga saƙonka, wai Turancin da ka fara koya yana ba ka wahala wajen mai da sifa ta koma aikatau, har kana cewa gara Faransancin da ka saba. Wallahi abin nan ko ɗalibaina masu shirin WAEC kullum sai mun yi fama da su a kansa, amma ka kwantar da hankalinka don kai Bahaushe ne, kana yin irinsa tun kana yaro. Zurfi ka ce zurfafa, faɗi ka ce faɗaɗa, ƙarfi ka ce ƙarfafa, sauƙi ka ce sauƙaƙa. To su ma haka suke yi, sai dai su wutsiya suke liƙawa, en: deep ya koma deepen, wide ya koma widen, short shorten, soft soften.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne long da strong, sai ka ga an rubuta longen, babu wannan a Turanci sam. Sai ka fara komawa ga sunan, length da strength, sannan ka ce lengthen, strengthen, high ma heighten ne. Wannan wurin ni yana burge ni sosai don daidai yake da namu, ai ba daga dogo muka samo tsawaita ba, daga tsawo ne. Kuma en ɗin nan tana da zaɓe, gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya take bi, su ma ba duka ba, akwai blacken da redden da whiten amma green da blue ba sa karɓarta.

Dogayen kalmomi kuwa kai ka ma fi ni gata, yawancinsu ta Faransanci suka shigo, simplifier ɗinku shi ne simplify, purifier purify, moderniser kuma modernise a rubutun Ingila, Amurka su sa z. Wasu a gaba ake sa musu en kamar enlarge da enrich, wasu ko taɓa su ba a yi, clean, dry, empty, yadda suke haka za ka yi aiki da su.

Ka rubuto min jimla goma da waɗannan ta WhatsApp kafin Juma'a in duba maka. A gaida Hajiya da mutanen gida duka.

Naka,
amininka daga Kano